Kafin ka sayi makirufo, ka saurari ɗakinka

Duk wanda ya ƙudurta fara shirin fodkas, wato shirin murya da ake naɗa a ɗora a intanet, tambayar da ya fi saurin yi ita ce wane makirufo zai saya. Sai ya shafe makonni yana kallon masu gwada kaya a YouTube, yana auna wannan da wancan, har ya haɗa kuɗi ya sayi irin wanda ya gani a gaban manyan masu shiri. Ranar da ya naɗi kashi na farko ya zauna saurare, sai ya ji muryarsa tana fitowa kamar daga cikin rijiya, ga ƙugin fanka a bayanta, ga muryar baƙonsa can ƙasa sai an ƙure sauti kafin a ji me yake cewa. Laifin ba na makirufon ba ne, abin da ke cikin ɗakin ya ɗauko. A ganina, a wannan sana'a makirufo yana kusa da ƙarshen abubuwan da suka cancanci damuwa. Ɗaki, da tazarar baki, da ƙarfin sauti, da tacewa, duk suna gabansa, kuma yawancinsu ba kuɗi suke ci ba, haƙuri da kunne suke buƙata.

A gidan rediyo, mai gabatarwa yana magana ne kawai. Akwai injiniya a bayan gilashi yana lura da allurar sauti, akwai furodusa mai tsara shiri, akwai situdiyon da aka gina tun daga tushe don murya. Tun da kamfanin Apple ya saka fodkas cikin manhajar iTunes a 2005, ƙofa ta buɗe wa kowa, kuma wannan alheri ne babba. Sai dai ayyukan mutum uku ko huɗu sun dawo kan mutum ɗaya, wanda galibi ya koyi na farkon kaɗai, wato magana, ya bar sauran a hannun sa'a.

Akwai masu cewa ai magana ce jari, idan abin da kake faɗa yana da nauyi mutane za su jure. Ban yarda ba. A 2018 wasu masana biyu, Eryn Newman da Norbert Schwarz, sun gwada wannan. Sun ɗauki jawaban masana kimiyya da hirarrakin rediyo, suka kunna wa wasu mutane da sauti mai kyau, wasu kuma da sautin da aka ɓata da gangan. Magana ɗaya ce, mai magana ɗaya ne, amma waɗanda suka ji gurɓataccen sautin sun ɗauki binciken bai kai ba, sun kuma rage wa mai maganar daraja. Wato mummunan sauti yana cin mutuncin mai magana, ba jin daɗin saurare kaɗai yake ragewa ba. Ka ƙara da yadda ake sauraron fodkas: da iyafis a kunne, mutum yana tafiya ko yana tuƙi ko yana wani aiki. Babu fuska a gabansa, babu leɓen da zai kalla ya cike kalmar da ta kuɓuce masa. Muryarka ce kaɗai yake da ita, kuma tana cikin kunnensa kai tsaye.

Batun ɗaki shi ne ya fi komai, don haka bari in daɗe a kansa. Sautin da ya fito daga bakinka yana tafiya kusan mita 343 a daƙiƙa ɗaya. Wani ɓangarensa ya shiga makirufo kai tsaye, sauran ya bugi bango da rufi da ƙasa da gilashin taga, ya dawo a makare, ya sake bugawa ya sake dawowa. Kunnen mutum ya iya tace wannan amsa-kuwwa idan yana cikin ɗakin, shi ya sa ba ka lura da ita kana zaune. Makirufo bai iya ba, duk abin da ya iso gare shi ɗauka yake yi. Wannan matsala ta girmi fodkas da shekaru masu yawa. A 1895 Jami'ar Harvard ta Amurka ta nemi wani matashin malamin kimiyyar lissafi da yanayin abubuwa, Wallace Sabine, ya gyara wani zauren lacca da ba a fahimtar magana a cikinsa, domin kalma takan yi fiye da daƙiƙa 5 tana yawo kafin ta mutu. Da dare, idan gari ya yi tsit, shi da mataimakansa sukan kwaso matasan kujeru daga wani zaure su jibge a ciki, yana auna lokacin da sauti ke ɗauka kafin ya ɓace. Daga wannan aikin ne ilimin tsara ɗakuna don sauti ya samo tushe. Abin da ya gano har yau bai canza ba: abu mai laushi da kauri yana shanye sauti, abu mai tauri da santsi yana mayar da shi.

Saboda haka gwajin farko ba ya buƙatar ko sisi. Ka tsaya tsakiyar ɗakin ka yi tafi sau ɗaya da ƙarfi, ka kasa kunne. Idan ka ji tafin ya ja wata 'yar jela mai ƙara, ɗakin zai yi wa muryarka haka. Ƙaramin ɗaki mai katifa da labule mai kauri da darduma da kantar littattafai ya fi babban falo mai tayil nesa ba kusa ba, ko da falon ya fi kyau a hoto. 'Yan jaridar rediyo da ke aiko rahoto daga otel sun daɗe da sanin dabarar lulluɓa da bargo, kuma a 2020, lokacin kullen korona, ƙwararru da yawa sun koma naɗar shirye-shiryensu a cikin ma'ajiyar tufafi. Wani kuskure da nake yawan gani shi ne manna siririn soso a bango da tunanin zai hana hayaniyar waje shigowa. Soso yana rage amsa-kuwwar cikin ɗaki ne kawai. Ƙarar mota da ta maƙwabta sai bango mai nauyi da ƙofa mai rufuwa ruf, ko kuma ka zaɓi lokacin da unguwa ta yi shiru.

Bayan ɗaki sai tazara. Duk lokacin da ka ninka nisan da ke tsakanin bakinka da makirufo, ƙarfin muryarka da ke isa gare shi kai tsaye yana raguwa da kusan desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), alhali ƙugin ɗakin yana nan yadda yake. Shi ya sa wayar salula da aka riƙe kusa da baki a ɗaki mai shiru takan fi makirufo mai tsada da aka ajiye a tsakiyar tebur. Tazarar kamar taƙi ɗaya ta wadatar. Sai dai kusanci yana da nasa sharrin, domin haruffan da ke fita da iskar leɓe, irin su b da f, sukan bugi makirufo su yi wani bum. Maganinsa shi ne a karkatar da makirufon kaɗan zuwa gefen baki, ko a sa masa 'yar ragar tare iska. A nan ne kawai zaɓin makirufo yake da ma'ana. Nau'in dainamik ba ya saurin jin abin da ke nesa, don haka ya fi dacewa da ɗakin da ba a gyara ba. Nau'in kondensa, wanda galibi ke buƙatar wutar bolt 48 daga na'urar haɗa sauti, yana jin komai har motsin kujera, kuma shi ne sababbin shiga suka fi rububi saboda sun ji an ce na situdiyo ne.

Ƙarfin ɗauka kuwa, ƙa'idarsa gajeriya ce. A naɗin dijital akwai rufin da ba a wucewa, wato sifili a ma'aunin na'ura. Idan dariya ko ɗaga murya ta buge shi, sautin ya tsage, kuma gyaransa da wuya ya dawo da shi yadda yake. Ka bar allura tana kaiwa wajen -12, wato desibel 12 ƙasa da rufin, idan ana magana, don a sami sarari. Kuma ka sa hedifon a kunne tun daga farko har ƙarshe. Wanda ke naɗa ba tare da yana ji ba, sai bayan baƙo ya tafi zai gano cewa waya ta saki ko firji ya tashi a minti na ashirin. Idan baƙon yana wani gari ne, kada a dogara da sautin kiran intanet. Kowa ya naɗi muryarsa a wurinsa, a haɗa daga baya. Manhajoji irin su Riverside da Zencastr a kan wannan dabarar aka gina su, amma ko da waya biyu ana iya yi.

Sai tacewa, inda na fi jin takaicin sakacin da ake yi. Manhajar Audacity kyauta ce tun fitowarta a 2000, don haka rashin kayan aiki ba hujja ba ne. Abin da ke hana mutane shi ne lokaci, domin shirin awa ɗaya yakan ci awanni da yawa a gaban kwamfuta. Amma ka auna: minti goma na kame-kame da ka bari, kowane mai sauraro sai ya biya su daga nasa lokacin. Gaisuwar da ta yi tsawo, labarin da aka maimaita, tambayar da ba ta haifar da komai ba, duk a cire. A ɗaya gefen kuma akwai masu wuce gona da iri, su goge kowane numfashi da kowane ɗan jinkiri har magana ta zama ba ta mutum ba. Shirun da baƙo ya yi kafin ya amsa tambaya mai nauyi wani ɓangare ne na amsar, wanda ya yanke shi ya rage ma'ana. Ƙwararru sukan naɗi kamar rabin minti na shirun ɗakin kafin a tashi, don su cike gurbin duk inda suka yanka, saboda shirun ɗaki yana da nasa amo, kuma kunne yakan ji idan ya ɗauke kwatsam. Akwai kuma amana a cikin wannan aiki. Mai tacewa yana da ikon ɗauko jimla daga nan ya liƙa a can, ya sa mutum ya faɗi abin da bai nufa ba. Almakashin na gyara magana ne, duk wanda ya juya nufin baƙonsa da shi ya ci amanar mutum biyu, baƙon da mai sauraro.

Matakin ƙarshe kafin a saki shiri shi ne daidaita ƙarfinsa gaba ɗaya. Ƙungiyar kafofin watsa labarai ta Turai ta tsayar da -23 LUFS (ma'aunin ƙarfin sautin shiri gaba ɗaya) ga rediyo da talabijin a 2010, shi kuwa Apple yana ba masu fodkas shawarar wajen -16 LUFS, wanda ya fi wancan ƙarfi, saboda ana sauraronsu a cikin hayaniya. Amfanin bin wannan shi ne kada mai sauraro ya riƙa kai hannu yana ƙarawa yana ragewa tsakanin muryarka da ta baƙo, ko kiɗan buɗe shiri ya firgita shi. Haka ma nauyin fayil. Hirar awa ɗaya a tsarin MP3 mai kilobit 64 a daƙiƙa ba ta kai megabait 30 ba, kuma ta ishi murya idan layin sauti ɗaya ne, wato ba a raba na kunnen dama da na hagu ba. A kilobit 320 kuwa ta haura megabait 140, ba tare da wani ƙarin da kunne zai kama a magana ba. Datar mai sauraro ce ake ƙonawa a banza.

Na san amsar da za a ba ni: yanzu ai akwai manhajojin ƙirƙirarriyar basira, irin na Adobe da Descript da Auphonic, masu share hayaniya da danna maɓalli ɗaya. Gaskiya ne suna aiki, kuma sun ceci naɗi da yawa da a da sai dai a zubar. Amma idan sautin ya lalace sosai, manhajar tana ƙiyasta abin da ya ɓace ne ta sake gina shi, sai ka ji ƙarshen kalmomi ya guntule, murya ta yi wani santsi na roba, dariya ta koma wani abu dabam. Ga harshe irin namu, da tsawon wasali da hawa da saukar murya ke rarrabe ma'ana, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Ina ganin wurinsu shi ne gyaran ɗan abin da ya rage bayan an yi naɗi mai tsabta.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne rububin bidiyo. Da yawa yanzu suna zaɓar ɗaki don kyan bango, su ture makirufo nesa don kada ya rufe fuska, su kashe kuɗin a kan fitilu da kyamara. Ba na adawa da bidiyo, yana jawo sababbin masu sauraro. Amma ko a YouTube ɗin, mutane da dama sukan ajiye wayar ne su ci gaba da harkarsu suna ji. Duk wanda zai haɗa biyun, ya fara zaɓar ɗakin da kunne, ya kafa makirufo inda murya ke so, sannan ya nemi inda kyamara za ta tsaya. Idan an gama, kafin a ɗora shirin, a saurare shi tun daga farko har ƙarshe da iyafis mai araha a wuri mai hayaniya, domin a irin wannan yanayi ne yawancin mutane za su ji shi.