Ranar da Clapton ya cire wa jitarsa wuta

Jiya da daddare mun yi musu da wani abokina har shayinmu ya huce, a kan faifan Unplugged na Eric Clapton. Shi a ganinsa aikin wanda ya fara gajiya ne, ya jingine jitar lantarki ya nemi kujera ya zauna. Ni kuwa na ce masa duk tsawon rayuwar Baturen nan babu inda na ji shi a fili kamar a wannan faifai. Tunda ya ƙi bari in kai aya, bari in kawo ƙara wurinku.

Ga wanda bai san shi ba, Clapton ɗan Ingila ne, an haife shi a 1945, kuma tun shekarun 1960 sunansa ya fita a kiɗan jita, a ƙungiyoyi irin su Yardbirds da Cream. Kiɗansa shi ne salon blues na baƙaƙen fatar Amurka da aka gauraya da salon rock, aka jona wa manyan lasifika har ƙasa ta riƙa girgiza. Ranar 16 ga Janairun 1992 sai ya shiga ɗakin ɗaukar shirye-shirye na Bray, kusa da Windsor, gaban 'yan kallo kaɗan, domin shirin Unplugged na tashar talabijin ta MTV da ake so mawaƙi ya ajiye kayan ƙara ya zo da na katako. Ya zauna da tsohuwar jita ƙirar Martin ta 1939.

Abin da abokina ya kasa ganewa shi ne, jitar lantarki tana rufa wa mai ita asiri. Ka taɓa tsirkiya ɗaya, na'ura ta ja maka amon ya yi tsawo, ya yi kauri, in yatsa ya zame ma ƙara ta haɗiye kuskuren. Ta katako ba ruwanta da sunanka. Kana sakin tsirkiya amon ya mutu, dole ka cike gurbin da hannunka ko da muryarka. Duk wanda ya taɓa zama ya saurari marigayi Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa ya san wannan yanayi, inda babu abin da ya shiga tsakanin mawaƙi da kunnenka. Gaskiya Clapton ba shi kaɗai ba ne, akwai Nathan East da Chuck Leavell da Andy Fairweather Low da sauransu a bayansa, amma duk sun sassauta hannu sun bar masa fili.

Sannan ku duba halin da yake ciki. A watan Maris na 1991 ɗansa Conor, mai shekara 4, ya faɗo daga tagar hawa na 53 na wani dogon bene a birnin New York ya rasu. Ko shekara ba a yi ba uban ya zauna a wannan kujera ya rera "Tears in Heaven", wadda ya rubuta wa yaron tare da Will Jennings. Bai yi kuka ba, bai ɗaga murya ba. Wannan dauriyar ce ta fi taɓa ni, irin ta magidancin da ke karɓar gaisuwar mutuwa a ƙofar gida yana amsa wa kowa a hankali, kai da ka zo yi masa ta'aziyya kai ne ke neman ɓarkewa.

Inda muka fi tayar da jijiyar wuya shi ne "Layla". Ta asali, ta 1970, ihun saurayi ne da so ya hana barci. Ta 1992 an rage mata gudu, an saukar da murya, har sai da aka ɗan ja kafin 'yan kallo su gane ta. Abokina ya ce an kashe waƙar. Ni na ce mutum mai shekara 46 da ya binne ɗansa, in ya yi ihun da ya yi yana ɗan 25, wasan kwaikwayo zai zama.

Amma akwai abin da ke tsaya mini a wuya, kuma ba zan ɓoye ba. Kaso mai yawa na faifan waƙoƙin baƙaƙen Amurka ne: Robert Johnson, Big Bill Broonzy, Bo Diddley, Jesse Fuller, Muddy Waters. Johnson ya mutu a 1938 yana da shekara 27, waƙoƙi 29 kacal ya ɗauka, bai ga komai na arzikinsu ba. Shi kuwa Clapton ya kwashe kyautar Grammy shida a dare ɗaya a 1993, faifan ya sayu kimanin kwafi miliyan 26, jitar nan ma an yi gwanjonta a 2004 a kan dala 791,500, duk da dai kuɗin sun tafi cibiyar kula da masu shaye-shaye da ya kafa a tsibirin Antigua. Kuma shi ne mutumin da ya hau dandamali a Birmingham a 1976, a buge, ya zazzaga wa baƙaƙen fata da sauran baƙi mazauna Ingila baƙaƙen maganganu na wariyar launin fata. Ka ci a kwanon mutane sannan ka zage su! Daga baya ya nuna nadama, kuma a yi masa adalci, bai taɓa ɓoye sunayen malamansa ba. Ni kaina ta dalilin wannan faifai na fara neman Robert Johnson. Ko hakan ya biya bashin? Ban jin ya biya, amma ban daina saurare ba.

Abokina ya ce ranar Asabar zai zo da faifan Cream ya ƙure mini ƙara. Na ce bismilla, da sharaɗin sai ya fara jin waƙar ƙarshe ta Unplugged, wadda Muddy Waters ya yi suna da ita. Ba ta cikin tsari, a lokacin hutu Clapton ya hau kaɗawa don nishaɗin kansa, masu ɗauka suka yi wuf suka kunna na'ura, shi ya sa a faifan daga tsakiya take farawa.