Kare da duhu: abin da na gani a Landan, abin da na sani a Kaduna

A nan Landan, mutum kan ɗauki karensa ya kai wa likitan dabbobi, ya biya kuɗi masu kauri, don kawai ya tambaya ko tsoron duhu ne ke damun sa. Har 'yar fitila ake saya a bar masa a kunne zuwa asuba. In ka kawo wannan zance a majalisa a Tudun Wada, cewa za a yi zaman Turai ya fara taɓa ka. A wajenmu ai dare shi ne lokacin aikin kare. Da an ɗauke wuta unguwa ta yi tsit, shi ke sintiri mai gida na munshari.

Ta wannan fuskar mutanenmu sun fi kusa da gaskiya. A can ƙasan idon kare akwai wani shimfiɗi mai ƙyalli da ke dawo da hasken da ya shiga, ido ya sake morar sa. Shi ya sa in ka dalle shi da tocila sai ka ga idanun sun yi kore shar. Kunnenmu ba ya kama sautin da ya wuce kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, nasa yana kama ninkin haka, hanci kuwa ba a magana. A duhu ƙirin shi ma ba ya gani, amma wace tsakar gida ce a Kaduna ke rasa ɗan hasken wata ko na fitilar maƙwabta?

Sai dai karen maƙwabciyata, wata dattijuwar Baturiya, da gaske ƙin fita yake yi da yamma a lokacin sanyi. Na sha ganin sa ya toge a bakin ƙofa, jela a matse tsakanin cinyoyi, kunnuwa a kwance, yana ta lasar baki, ita tana riƙe da igiya tana lallashi. A Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe 4. Kuma tun daga daren 5 ga Nuwamba, da mutanen Ingila suke tuna yunƙurin tarwatsa majalisar dokokinsu na 1605, ba a rabuwa da harbe-harben wasan wuta har sabuwar shekara. Kare ya gama lissafinsa: in gari ya yi duhu, ƙara na tafe. Fitilar da ta saya masa ba ta tsinana komai ba, don ba ta toshe kunne.

Wani kuma kaɗaici ne ke cin sa. Karen da ya wuni a kan kujera tare da mutane, aka kashe fitila aka rufe shi a kicin, dole ya yi kuka. Kuskuren Turawa a ganina shi ne sun mayar da kare jariri, duk abin da ke firgita yaro sai su liƙa masa.

Namu kuskuren ya fi wannan ciwo. Kare ya wuni ɗaure a keji cikin rana, ruwan shan ma sai an tuna, da daddare a sake shi. In ya yi ta kuka sai a ce aljanu ya gani. Gaskiya ne hadisi ya koyar da mu neman tsarin Allah in mun ji haushin karnuka da dare, amma bai hana mu duba lafiyar dabbar da muka ajiye ba. Yayana a Barnawa yana da tsohon kare da ya daina zagaye, ya koma rakuɓewa a ƙofar ɗaki, in ya tashi sai ya yi karo da bokiti ko turmi. Na ce masa a waya, “Yaya, gobe da rana ka duba idonsa, ko yanar ido ce ta fito.” Ya ce, “Kai dai ka zama Bature, lalaci ne kawai.” Da ya duba, idon ya yi fari-fari. Tsohon kare yakan yi yanar ido, akwai kuma ciwon da kan fara da dundumi kafin ya kai ga makanta, wani ma ruɗewar tsufa ce ke hana shi barci. Asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Zariya, ba wata tafiya ba ce, amma mutum nawa ne zai sa karen gadi a mota?

Akwai abin da Bature ba ya ko tunawa da shi, don sun daɗe da kawar da ciwon haukan kare daga karnukansu. Mu yana nan. Karen da halinsa ya sauya farat ɗaya, ya shiga neman lungu mai duhu yana ɓuya, yana dalalar da miyau, yana kai cizo ga wanda ya saba da shi, kada yaro ya matso kusa da shi. A tsare shi, a kira likitan dabbobi. Wanda ya ciza kuma a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a wuce asibiti a ranar don allura, ba a tsaya jiran ganin yadda karen zai ƙare ba.