Ba ruwan wuƙa ke fara mutuwa ba, ƙota ce

Masu tara wuƙaƙen aljihu na gargajiya, irin masu naɗewa ɗin nan da ƙotar itace, yawancinsu hankalinsu na kan ruwan wuƙar ne. A wasa, a goge, a gwada kaifi a gashin hannu, a ɗauki hoto a saka a Facebook. Ƙota kuwa ba a tunawa da ita sai ranar da ta tsage. A ganina an yi abin a baibai. Ƙarfe yana da haƙuri: ya yi tsatsa a kankare, ya dakushe a wasa. Itace kuwa in ya dare daga wajen ƙusa, abin da ya rage sai lallaɓawa.

Mu ɗauki Opinel, don ita ce ta fi nuna matsalar ƙarara. Joseph Opinel ya fara ƙera ta a 1890 a yankin Savoie na Faransa, kuma har yau gininta bai wuce abu biyar ba: ruwa, ƙota, ƙusa ɗaya, zoben da ke riƙe bakin ƙotar, da zobe na biyu mai juyawa wanda ke kulle wuƙar, wanda aka ƙara a 1955. Lamba 8, wadda aka fi sani, tsawon ruwanta santimita 8.5 ne. Babu sifirin a cikinta, babu faifan tagulla tsakanin ƙarfe da itace. Guntun itace ɗaya ne aka tsaga da zarto, ruwan wuƙar yana kwanciya a cikin tsagar. Ke nan itacen da kansa ne ke matse ƙarfen, shi ne kuma ke sakinsa. Mafi yawansu da itacen beech na Turai ake yi, shi kuwa yana cikin itatuwan da suka fi kumbura da motsewa.

Abin da ake mantawa shi ne, itace ko an sare shi shekara hamsin bai daina shan danshin iska yana mayarwa ba. Idan danshin iska yana wajen kashi 65 cikin 100, ruwan da ke jikin itace yakan tsaya kusan kashi 12. Danshi ya haura 80, itacen ya kai wajen 16. Ya sauka zuwa 20, itacen ya koma ƙasa da 5. To duba yanayin Kano ko Katsina ko Maraɗi: a watan Agusta iska jiƙe take, a Janairu hunturu na sauko da danshin ƙasa da kashi 20. Wuƙar da aka tsara don ƙasar da ba ta san irin wannan tazara ba, a nan ƙotarta girma biyu gare ta a shekara. Kuma itace ba a tsawonsa yake motsi ba, a faɗinsa ne, wato daidai inda yake rungumar ruwan wuƙar.

Shi ya sa a damina za ka ga farce na neman karyewa wajen buɗe ta, a hunturu kuma ta saki har ruwan na faɗowa da kansa a aljihu. Wuƙa ɗaya ce, ba ta lalace ba. Mai ita ne ke lalata ta idan ya yi gaggawar gyara. Wanda ya sa samfefa ya faɗaɗa tsagar a Agusta don ta ƙi buɗewa, a Janairu zai tarar da wuƙa mai lilo wadda ba ta da magani. Wanda ya ɗauki guduma ya dandaƙe ƙusa a Janairu don ta yi sako-sako, damina na sauka itacen zai kumbura ya rasa wurin zuwa, sai ya tsage daga ramin ƙusar. Ra'ayina a nan ba na sassauta shi: kada a rage itace a tsakiyar damina, kada a matse ƙusa a tsakiyar hunturu. Duk gyaran da ba ya warwaruwa a bari sai kaka, wajen ƙarshen Oktoba, lokacin da iska ke tsaka-tsaki.

Idan ta cije a damina, akwai dabarar da mutanen Savoie da kansu ke yi. A riƙe ta ta wajen zobe, a buga gindin ƙotar a kan tebur sau ɗaya da ɗan ƙarfi, tsinin zai leƙo yadda za a kama. Daga nan a bar ta a buɗe a inuwa mai iska kwana biyu ko uku. Ba rana ba, ba gefen murhu ba, ba kan janareta ba. Zafi yana busar da wajen itacen kafin cikinsa, wajen ya motse, cikin yana nan a kumbure, tsaga ke nan. Sai in kaka ta zo, ta bushe sarai kuma har yanzu tana cijewa, sannan a cire zoben kullewa da filayar buɗa zobe irin ta kanikawa, a ninke samfefa mai lamba 220, a zura a tsagar sau biyar ko shida a kowane gefe, a gwada. Garin itacen da ya fita ba ya komawa, don haka kaɗan-kaɗan.

Sai maganar mai, inda aka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Man gyaɗa, man ja, man zaitun na girki, duk ba sa bushewa a jikin itace. Suna shiga su zauna, zafi ya sa su yi ɗoyi, su yi danƙo, ƙura ta manne, bayan wata biyu ƙotar na warin tsohon kaskon suya. Baƙin mai na mota ya fi muni, yana baƙanta itace har ciki, ga shi kuma da wuƙar za a yanka mangwaro a ba yaro. Kananzir yana wanke tsatsa, amma yana tsotse ɗan maiƙon da ke jikin itacen, warinsa kuma ba ya fita. Man kaɗanya ya fi su dama, ba ya saurin lalacewa, kuma in babu wani abu a hannu ana iya murza ɗan kaɗan a goge sosai. Sai dai a saman itace yake tsayawa, rana ta yi zafi ya narke, ƙota ta yi santsi a tafin hannu. Wuƙa mai santsi kuwa mai ita take fara yanka.

Abin da ya fi sauƙi da aminci shi ne farafin na ruwa, wanda ake sayarwa a kemis, haɗe da kakin zuma. Awo ɗaya na kaki, awo huɗu na farafin. A zuba a ƙaramin gwangwani, a ɗora gwangwanin cikin tukunyar ruwan zafi har kakin ya narke, a juya, a bari ya daskare. Kada a ɗora shi kai tsaye a wuta. Abin da ya cika gwangwanin tumatir ƙarami zai yi wa wuƙa ashirin fiye da shekara. Ana lakato kamar ƙwayar wake, a murza da yatsa har ɗumin hannu ya shigar da shi, a bari minti ashirin, a goge da tsumman auduga har ƙotar ta daina maiƙo. Wurin da ya fi bukata ba gefen ƙotar ba ne, bakinta da gindinta ne da cikin tsagar. Itace kamar damin kara yake, ruwa ta bakin karan yake shiga, ba ta gefe ba. A naɗa tsumma a tsinken ashana a zura cikin tsagar, wurin nan ne kusan tsirara yake ko da an shafe wajen da man ƙyalli tun daga masana'anta. Sau biyu a shekara ya wadatar, kafin ruwan farko da kuma farkon hunturu.

Masu son kariya mai ɗorewa suna amfani da man linsid, man ƙwayar wani tsiro da ake shafa wa katako, wanda shi bushewa yake yi ya taurare a cikin itacen. Yana da kyau, amma yana da sharuɗɗa. Dole a fara kankare man ƙyallin masana'anta da samfefa 220 sannan 400, ana bin tsawon itacen, in ba haka ba man ba shi da hanyar shiga. Ɗigo uku ko huɗu sun isa shafa ɗaya. Bayan kwata na awa a goge duk abin da bai shiga ba, domin rarar da aka bari ita ce ke zama danƙo mai kama hannu na makonni. Ɗanyen linsid yakan ɗauki kwanaki kafin ya bushe, wanda aka rubuta wa dafaffe yakan bushe a kwana ɗaya saboda sinadaran ƙarfe da aka zuba masa. Shafa uku, kowace sai wadda ta gabace ta ta bushe. Kada ɗigo ɗaya ya shiga wajen ƙusa, zai daskare ya kulle wuƙar. Wajen ƙusa farafin ne, ɗigo ɗaya, ko man keken ɗinki idan wuƙar ba ta taɓa abinci. Tsumman da aka goge linsid da shi kuma kada a dunƙule shi a jefa a kwandon shara. Man yana fitar da zafi sa'ad da yake bushewa, tsumma a dunƙule na iya kama wuta shi kaɗai. A baza shi a ƙasa a waje, ko a tsoma a ruwa.

Ba kowace ƙota ke son wannan hidima ba. Okapi, mai zoben da ake ja a saki makulli, wadda aka fara ƙerawa a Solingen ta Jamus a 1902 don kasuwannin Afirka, sannan aikinta ya koma Afirka ta Kudu a 1988, itacenta an riga an ɗirka masa roba ta sinadari. Mai ba ya shiga, gogewa da ɗan kaki ya ishe ta. Abin lura a jikinta adon ƙarfen da aka dasa a ƙotar ne, yana ɗagowa idan aka jiƙa ta. Douk-Douk ta garin Thiers na Faransa, ta 1929, wadda ta yi kasuwa a ƙasashen da Faransa ta mallaka a Afirka, ba ta ma da itace, faifan ƙarfe ne aka lanƙwasa, tsatsa ce kawai abokiyar gabarta. Itacen zaitun yana da maiƙonsa, amma yana saurin tsagewa in iska ta sauya farat ɗaya. Baƙin itace dangin kanya shi ma haka, ga tauri ga saurin darewa. Wanda ƙotarsa ta mutu yana son sabuwa, ƙirya da marke da maƙera ke yi wa fartanya da gatari sun saba da iskarmu fiye da beech, in dai an bar guntun ya bushe a inuwa ya ga damina ya ga hunturu kafin a sassaƙa. Madobiya tana da kyan launi, sai dai saran da aka yi mata don fitarwa waje ya sa tun 2017 cinikinta tsakanin ƙasashe ke ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, mai taƙaita cinikin dabbobi da tsirran da ke barazanar ƙarewa. A nemi guntun tsohon katako, ba sabon sara ba.

Tsaga in siririya ce kamar gashi, ana tsayar da ita. A wanke maiƙon wurin da sifirit, a bari ya bushe, a ɗiga sufa-gulu mai ruwa-ruwa ya bi tsagar, a ɗaure da zaren roba na awa ɗaya, a goge da samfefa 400. Idan guntu ne ya fita, Araldite da aka kwaɓa da garin itacen ya fi. A kan itace mai maiƙo gam ba ya kamawa da kyau, kuma wannan ma dalili ne na rashin jiƙa ƙota sharkaf da mai.

Inda nake sabawa da masu tarawa da yawa shi ne son mayar da tsohuwar wuƙa sabuwa. A samo Okapi mai hatimin Jamus, ƙotarta ta yi duhu da gumin hannu, gefen da babban yatsa ke zama ya ɗan lotsa, sai a kai ta injin gogewa, a kankare, a shafa mata man ƙyallin kujera. An goge shekarunta, sau da yawa har da hatimin, kuma hatimin nan shi ne shaidarta. Haka baƙi-baƙin da albasa da lemun tsami da nama ke bari a ƙarfe irin mai kama tsatsa: ba tsatsa ba ce, yana ma rage ta. Jar tsatsa mai ɓarɓashi ita ake cirewa, da ɗigon mai da lallausan soson ƙarfe, a tsaya da zarar jan ya tafi. Mai sayen Laguiole, wata wuƙar naɗewa ta Faransa, kuma kada ƙudan zumar da ke bayanta ya ruɗe shi, ana buga shi a kan na China da na Pakistan. A duba sunan maƙerin da irin ƙarfen a jikin ruwan.

Ajiya kuma: ba a cikin kube na fata ba, fata tana riƙe danshi, sinadarin jima yana cin ƙarfe, tagulla ta yi kore. Ba a gaban mota ba. Ba a leda a ƙulle ba. Aljihun tebur na katako da tsumman auduga a shimfiɗe ya isa, nesa da bangon da ke jiƙewa a damina. Ƙananan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ke zuwa a kwalin takalmi suna da amfani daga Yuni zuwa Satumba, amma a kwashe su kafin hunturu, in ba haka ba su ƙara busar da abin da ya riga ya bushe. Wadda aka yi aikin layya da ita kada a jefa ta a bahon wanke-wanke tare da sauran wuƙaƙe. A goge ruwan wuƙar da jiƙaƙƙen tsumma da ɗan sabulu, tsini na kallon ƙasa don kada ruwa ya gangara wajen ƙusa, a fitar da kitsen da ya shiga tsagar da tsinke, a bar ta a buɗe ta kwana kafin a naɗe.