Gwajin bijirewar ƙwayar sida: wa ya fi buƙatarsa a Damagaram?

Ƙwayar cutar sida gaggawa gare ta wajen hayayyafa, kuma ba ta fitar da 'ya'ya iri ɗaya. Cikinsu akan samu wadda ba ta jin magani. Mutum ya sha yau ya bari gobe, masu rauni su mutu, mai taurin kan ta cika jini. Wani ma haka yake ɗaukarta, bai taɓa haɗiyar magani ba.

Shi ya sa a Faransa da Amurka ake ɗibar jini a karanta ƙirar ƙwayar tun a farko, don a ga ko ta bijire wa magani. Wasu na ganin mu ma mu bi sahu. Ni dai ban yarda a tsayar da kowa jiran wannan gwaji ba. Yana da tsada, na'urarsa ba a kowane asibiti take ba, Yamai kuma ba nan kusa ba ce. Wanda ya sayar da akuya ya yi kuɗin mota daga ƙauyen Tanut, in ka ce ya dawo bayan wata guda, da wuya ka sake ganinsa. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara magani cikin kwana bakwai da gano cutar, in da hali a ranar.

Zamanin da ake ba da magungunan sida efabirenz da nebirafin abin ya fi tayar da hankali, don a ƙasashe da dama fiye da mutum 10 cikin 100 na masu farawa suna ɗauke da ƙwayar da ta bijire musu. A 2019 hukumar ta fifita maganin dolutegrabir, wanda ƙwayar ke shan wuya kafin ta gagare shi. Amma rahotonta na 2024 ya nuna shi ma an fara bijire masa.

To, ɗan gwajin da ake da halinsa a kai shi inda haɗari yake: jaririn da ya kamu duk da uwarsa ta sha magani, da wanda ƙwayar ta zarce 1,000 a ɗigon mililita na jininsa alhali yana sha kullum, da wanda ya yanke shan magani ya dawo.

Na ƙarshen nan ya fi wuyar ganewa. Ya tafi cin rani Kano ko Aljeriya, magani ya ƙare masa, ya dawo ya zauna kan benci, hula a hannu. Ma'aikaciyar asibiti ta ce, "Ka taɓa sha?" "A'a, malama." Tsoron faɗa ne, ba komai ba. In an rufe ƙofa an tambaye shi da lalama, ƙila ya ciro tsohon katinsa daga aljihu.