Jinin tumakina ya lalace a hanyar Yamai, wa zan kama?

Tumaki huɗu suka yi mini ɓari cikin mako guda a nan Tawa, bayan ɗaukewar damina. Ta huɗun da asuba na tarar da ita tsaye a kan ɗan da ta zubar, mabiyiya na reto ba ta faɗi ba, yaron gidana ya miƙa hannu tsirara zai ja. Na daka masa tsawa. Duk wanda ya san abin da ya faru a Cintabaraden, nan jiharmu ta Tawa, a 2016, lokacin da zazzaɓin Rift ya fara da ɓarin bisashe ya ƙare da gawarwakin mutane, ba zai yi wasa da irin wannan ba. In ma ba shi ba ne, ga bakkale, wata cutar da ke sa dabbobi ɓari, mai shiga mutum ta ɗanyen nono ta bar shi da masassarar da ake ta sha wa maganin zazzaɓin sauro a banza.

Ranar na kira malamin dabbobi. "Gobe in sha Allahu, Alhaji." Goben nan sai da ta kwana tara.

Ya fi ni sanin abin da kwana tara ke nufi. Gwajin jinin nan iri biyu ne. Ɗaya ƙwayar cutar kanta yake nema, kuma ƙwayar zazzaɓin Rift kwanaki kaɗan take yi a jinin dabba ta ɓace. Ɗayan kuwa garkuwar da jiki ya haɗa don yaƙar cutar yake nema, ita kuma ba ta bayyana nan take, ta bakkale har makonni takan ɗauka. Garkuwar ma sai an bambance sabuwa da tsohuwa, don tsohuwa na iya zama ragowar cutar bara ko ta allurar rigakafi. Da jinkirinsa kaɗai ya rufe mini ƙofar gwajin farko.

Da ya zo, ya ɗibi jini a jijiyar wuya, kwalba shida, na biya jaka goma sha biyar. Na ce, "Malam, ina ƙanƙara?" Ya ce kada in damu. A idona ya ƙulle kwalaben a leda, ya cusa a jakar babur da ta wuni cikin rana, wai zai ba direban motar Yamai. Fiye da kilomita 500, ta Konni, ta Dogon Dutsi, ta Doso, cikin wannan zafi!

Mako uku ina kira, wayar na ƙara ba a ɗauka. Da aka ɗauka sai aka ce jinin ya fashe. Ruwan da ya kamata ya taso sama garau kamar man gyaɗa ya koma ja kamar zoɓo, ba ya gwaduwa. A sake ɗiba, in sake biya. Ko "yi haƙuri" ban samu ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, gwajin garkuwa da ake fara yi don gano bakkale, wanda ake kira Rose Bengal, ba ya bukatar tafiya Yamai. Ɗigon ruwan jini ne da ɗigon magani a kan farin faranti, a gauraya, minti huɗu, in ya yi gudaji an san akwai magana. Na tambayi malamin. Ya ce maganin ya ƙare, ragowar kuma ɗauke wuta ya lalata shi a firigo. A jihar da kiwo ne ƙashin bayanta, jihar shanun Azawak, a ce ɗigon magani ya gagara?

Ba sadaka na roƙa ba, kuɗina na biya. A ajiye maganin gwaji a Tawa, a sayi akwatin ƙanƙara, wanda ya ɓata jini kuma shi zai sake ɗiba da kuɗinsa.

Yanzu shanuna biyu suna garke ɗaya da tumakin nan. Na hana uwargida kai nono kasuwa, na gida sai an tafasa. Jikana ya kwana uku da zazzaɓi, a asibiti aka tambaye ni ko dabbobina na da wata cuta, na rasa abin cewa. Jiya da dare tunkiya ta biyar ta fara nishi, saura wata guda cikinta ya isa haihuwa.