Duke Ellington: an bar muhimmin abu a baya

Malam marubuci, sannu da ƙoƙari kan rubutunka game da Duke Ellington, shugaban ƙungiyar makaɗan jazz a Amurka. Sai dai ka kira Duke Ellington gwanin fiyano ka wuce, alhali abin da ya ɗaga shi shi ne iya tsara kiɗa da iya riƙe mutane. Kowane mabushi a ƙungiyarsa, Duke ya san muryar busarsa, kuma da ita yake auna abin da zai rubuta masa. Bubber Miley, ɗaya daga cikin mabusan, kan ɗauki robar nan ta buɗe toshewar bututun ruwa, ya riƙa rufe bakin ƙahonsa yana buɗewa, sai ka ji ƙaho na gurnani kamar mutum na magana. Duke ya gina waƙoƙi sukutum a kan wannan sautin. Wani mabushin, Harry Carney, ya zauna da shi tun 1927 har rasuwar Duke a 1974, sama da shekara arba'in. Lokacin da kasuwar manyan ƙungiyoyin kiɗa ta faɗi, da kuɗin da waƙoƙinsa ke kawo masa ya riƙa biyan albashi, bai sallami ƙungiyar ba.

Batun Cotton Club, gidan rawa na unguwar Harlem a New York inda ƙungiyar Duke ta yi wasa, ma ka yi masa sassauci. A lokacin, baƙar fata ke kiɗa da rawa, turawa ke zaune a kujeru, ɗan uwan makaɗi kuwa ba a barinsa ya shiga kallo.

Don Allah a gaba a taɓo Billy Strayhorn, abokin aikin Duke wajen tsara kiɗa. Shi ya tsara waƙar "Take the A Train", ba Duke ba.