Shekara 70 da ɗoriya, har yanzu Lucy tana ba mutane dariya

Akwai wani guntun bidiyo baƙi da fari da ba ya daina yawo a intanet. Mata biyu ne a bakin wani bel da inji ke ja, alewar cakulan tana tahowa ɗaya bayan ɗaya, aikinsu shi ne su naɗe kowace ƙwaya a takarda. Shugabar sashen ta riga ta ja musu kunne cewa in ƙwaya ɗaya ta wuce ba a naɗe ba, to a bakin aikinsu. Da farko komai lafiya lau, har suna ganin aikin banza ne. Sai bel ya ƙara gudu. Hannu ya kasa, sai suka koma cusa alewa a baki, baki ya cika suka koma zubawa a hula, hula ta cika suka koma turawa cikin riga. Shugabar ta dawo, ta ga babu ko ƙwaya ɗaya a kan bel, ta yaba musu, sannan ta ɗaga murya ta ce a ƙara wa inji gudu. Su kuwa kumatu sun kumbura, ido ya raina fata, ba halin magana.

An fara nuna wannan a Amurka ranar 15 ga Satumba, 1952, a cikin shirin barkwanci na I Love Lucy, wato "Ina Son Lucy". Na kalle shi sau da yawa, har da sautin a kashe, kuma dariyar ba ta ragu ba. Wanda bai san kalma ɗaya ta Turanci ba zai gane abin da ke faruwa, domin duk wanda aiki ya taɓa fin ƙarfinsa, ya kuma ji tsoron a gane, ya san wannan fuskar.

Shirin ya fara fita a tashar CBS ranar 15 ga Oktoba, 1951, ya ƙare a watan Mayu na 1957, bayan zango shida da kashi 180. A huɗu daga cikin zangunan nan shi ne ya fi kowane shiri yawan masu kallo a Amurka, kuma yana kan wannan matsayi aka rufe shi. Shirye-shiryen zamaninsa da dama sun ɓace, wasu ko sunansu ba a tunawa. A ganina abin da ya raba shi da su naci ne. Nacin matar da ke cikin labarin, da kuma nacin mata da mijin da suka yi shi, waɗanda sau uku ana ce musu "ba a yin haka" suna ƙi.

Na farko kan wanda zai fito a matsayin miji. Lucille Ball, wadda ta fito a matsayin Lucy, tana da shekara 40 a lokacin, ta yi shekaru a Hollywood tana fitowa a finafinai ba tare da ta kai sahun manyan taurari ba, sai wani shirin rediyo nata ya karɓu, CBS ta so mayar da shi na talabijin. Ta ce ta yarda, amma mijinta na gaske, Desi Arnaz, shi zai zama mijinta a shirin. Arnaz haifaffen Kuba ne, shugaban ƙungiyar makaɗa, Turancinsa da karin harshen Sifaniyanci. Manyan tashar suka ce Amurkawa ba za su yarda Ba'amurkiya tana auren ɗan Kuba ba, alhali tun 1940 suke da aure. Dalilinta kuwa na cikin gida ne: kullum yana kan hanya da makaɗansa, aure yana neman lalacewa, tana son aikin da zai zaunar da su wuri ɗaya. Maimakon dogon musu, sai suka haɗa wasan dandamali a 1950 suka zaga garuruwa da shi. Jama'a suka cika ɗakunan kallo suna dariya. Gani ya kori ji, tashar ta sauko.

Na biyu shi ne wanda masu kallo ba sa gani, amma shi ya sa muke da shirin a hannu yau. A wancan lokacin yawancin shirye-shirye kai tsaye ake watsa su daga New York. Mutanen yammacin ƙasar kuwa sai daga baya ake nuna musu, ta hanyar ɗora kyamara a gaban allon talabijin a ɗauki hoton abin da yake nunawa. Hoton da ke fitowa dishi-dishi ne, ba abin adanawa ba. Kamfanin sigari na Philip Morris, wanda ya ɗauki nauyin shirin, ya so su koma New York, domin a gabas masu saye suka fi yawa. Suka ce suna nan a Los Angeles, a can gidansu yake. Arnaz ya kawo shawarar a ɗauki shirin a kan fim mai faɗin milimita 35, irin na silima, da kyamara uku suna aiki a lokaci guda, a gaban 'yan kallo na gaske kusan 300. Aka ce ya yi tsada. Suka ce a rage musu dala 1,000 a albashinsu na kowane mako, amma faya-fayen su zama mallakar kamfaninsu, Desilu. CBS ta amince, tana ganin ta ci riba, domin babu wanda ya yi tunanin shirin da aka riga aka nuna yana da sauran daraja.

Matsalar haske ce ta fi wuya. A silima akan gyara fitilu ne don kyamara ɗaya, a tsaya, a sake gyarawa. A nan kuwa kyamara uku ne, kuma ba a son katse wasa a gaban mutane. Suka ɗauko Karl Freund, wanda ya yi suna tun a finafinan Jamus na shekarun 1920, ya kuma ci kyautar Oscar a Amurka. Shi ya tsara fitilu daga sama ta yadda haske zai bazu daidai a ko'ina. Duk wanda ya kalli shirye-shiryen barkwanci irin su Cheers, ko Seinfeld, ko Friends, ko The Big Bang Theory, ya ga falo mai bango uku, kyamarori a jere inda bango na huɗu ya kamata ya kasance, da dariyar mutane tana tashi daga duhu, to gadon wannan tsari yake kallo. Ba su ne suka fara gwada kyamara da yawa a talabijin ba, amma su suka haɗa ta da fim da 'yan kallo, suka nuna cewa za a iya yi kowane mako ba fashi. A 1957 kuma CBS ta sayi faya-fayen nan daga hannunsu a kan sama da dala miliyan 4.

Na uku shi ne ciki. A 1952 Ball ta samu juna biyu. Al'adar lokacin ita ce a ɓoye mace a bayan kujera ko a dakatar da shirin. Suka ce a'a, Lucy ta cikin labari ma za ta ɗauki ciki. Tashar ta yarda da ƙyar, da sharaɗin ba za a furta kalmar "ciki" ɓaro-ɓaro ba, sai dai a ce tana jiran haihuwa, kuma malaman addini uku, na Katolika da na Furotesta da na Yahudawa, suka riƙa duba rubutun kafin a ɗauka. Wannan a shirin da mata da miji ke kwana a gadaje biyu daban. Ranar 19 ga Janairu, 1953, aka nuna kashin da Lucy ta tafi asibiti haihuwa, kuma a ranar ce Ball ta haifi ɗanta namiji a zahiri. Mutum miliyan 44 suka kalla, sama da kaso 70 cikin ɗari na gidajen da ke da talabijin. Washegari aka rantsar da Shugaba Eisenhower, waɗanda suka kalli bikin kimanin miliyan 29 ne. A watannin da take jego kuwa, sai aka riƙa maimaita tsofaffin kashi don cike gurbi, mutane suka zauna suka sake kallo kamar ba su taɓa gani ba. Daga nan masu harkar talabijin suka fahimci cewa tsohon shiri haja ne, kuma har gobe a kan wannan fahimta ake cinikin miliyoyin daloli.

Duk wannan ya bayyana yadda shirin ya tsira daga ɓacewa. Bai bayyana abin da ya sa ake son sa ba, domin akwai faya-fayai da yawa da suka tsira kuma ba mai waiwayarsu. A nan sai an koma kan Lucille Ball kanta. Mutane suna ganin kamar haukar ce ke zuwar mata nan take, alhali mace ce mai bita kamar ranta zai fita. Marubutanta, Jess Oppenheimer da Madelyn Pugh da Bob Carroll Jr., sukan rubuta kowane motsi dalla-dalla, ita kuma ta maimaita har ya zauna mata a jiki. Dubi kashin da take tallar wani maganin ƙara kuzari mai dogon suna, wanda ba ta san akwai barasa kaso 23 a cikinsa ba. Ana ta sa ta maimaita tallar, kowane maimaici da cokali guda. Cokalin farko fuskarta ta yamutse don ɗaci. Zuwa na huɗu ta fara jin daɗinsa. Daga nan kalmomin tallar suka fara sauya wuri a bakinta, harafi na hawa kan harafi, amma tana nan tana murmushin 'yan talla, tana ƙoƙarin riƙe mutuncinta. Wanda zai rikita magana da irin wannan tsari, mataki bayan mataki, sai ya haddace ta daidai fiye da kowa.

Haka na ƙwai, a zango na ƙarshe. Ta ɓoye ƙwai da yawa a cikin rigarta, sai ga mijin ya shigo ya ce lallai su gwada rawar tango da za su yi. 'Yan kallo sun san abin da ke cikin rigar, shi bai sani ba, don haka kowane taku dariya ce. Da ya jawo ta ƙirjinsa a ƙarshen rawar, ƙwai suka fashe, ɗakin ya ɗauki dariya ta daƙiƙa 65, mafi tsawo a tarihin shirin. Ita kuwa a duk tsawon lokacin nan ba ta yi wani abu ba illa tsayuwa, fuskarta kaɗai ke aiki.

Akwai suka da ake yi wa shirin, kuma ban ɗauke ta da wasa ba. Kusan kowane kashi hanya ɗaya yake bi: Lucy tana son fita daga gida, tana son shiga harkar wasa ko ta nemi kuɗin kanta, mijin ya hana, ta ƙulla dabara da ƙawarta Ethel, dabarar ta watse, ta dawo gida tana kuka. Akwai ma wuraren da yake dukanta a ɗuwawu kamar ƙaramar yarinya, ɗakin yana dariya. Wannan ba ya kalluwa yau, kuma babu dalilin da zai sa a nemo masa uzuri. Masu cewa shirin yana koya wa mace cewa iyakarta kicin suna da hujja.

Sai dai ina tambayar duk wanda ya san shirin, me yake tunawa? Ba wanda ke tuna minti biyun ƙarshe da ake sulhu. Abin da ya zauna a zukata shi ne matar da ta yi fama da bel ɗin cakulan, ta shiga ƙaton baho tana tattaka inabi a Italiya, ta sa gemu, ta yi shigar burtu, ta faɗi, mako mai zuwa ta tashi da sabuwar dabara kamar ba a taɓa hana ta ba. Ƙarshen labarin haraji ne da aka biya wa zamanin, tsakiyarsa kuwa nata ne. Ko a kashin cakulan ɗin, yayin da matan ke fama a masana'anta, mazan suna gida sun karɓi girki, shinkafa ta tumbatsa ta malale kicin, kaji sun tashi sama. Kowa ya ɗanɗana aikin ɗan'uwansa ya ji jiki. A 1952 wannan ba ƙaramar magana ba ce a faɗa wa gidaje miliyoyi a daren Litinin.

Sannan matar da ake nuna wa duniya cewa ba ta iya riƙe kuɗin cefane ba, ita ce a 1962 ta sayi hannun jarin Arnaz ta zama mace ta farko da ta shugabanci babban kamfanin shirya finafinai a Hollywood. A ƙarƙashinta Desilu ya fitar da Star Trek da Mission: Impossible a 1966, shirye-shirye masu tsada da har yau ake cin gajiyarsu. A 1967 ta sayar da kamfanin a kan dala miliyan 17. 'Yan wasan barkwanci mata da suka biyo baya, irin su Carol Burnett wadda Ball ta ja a jiki, sun tarar da ƙofa a buɗe: an riga an tabbatar cewa mace kyakkyawa za ta iya ɓata fuskarta, ta yi birgima a ƙasa, ta ɗauki shiri sukutum a kanta, kuma kasuwa ta bi ta.

Abin da nacin bai iya ceto ba shi ne wanda aka fara komai dominsa. Aiki ya yi wa Arnaz yawa, shan giya da neman mata suka ƙaru, gidan da miliyoyi ke kallo a matsayin gidan farin ciki ya zama wurin rigima. Sun rabu a 1960, jim kaɗan bayan ɗaukar shiri na ƙarshe da suka fito tare a matsayin mata da miji. Duk da haka ina ganin wani kaso na ɗumin da mai kallo ke ji daga nan yake fitowa. Idan Ricky, wato mijin Lucy a shirin, ya fusata ya ɓarke da Sifaniyanci, sannan ya kalli matarsa dariya na neman ƙwace masa, wannan kallon ba marubuci ne ya rubuta shi ba. Kowannensu ya sake aure, amma zumunci bai yanke ba, kuma ta riƙa faɗa a bainar jama'a cewa shi ne ƙwaƙwalwar da ta gina kamfanin.

Arnaz ya rasu ranar 2 ga Disamba, 1986. Bayan kwana biyar aka karrama Ball a Cibiyar Kennedy da ke Washington, inda jarumi Robert Stack ya karanta saƙon da Arnaz ya bari domin bikin. A ciki ya jingina mafi yawan nasarar shirin gare ta, ya kuma rufe da cewa "Ina Son Lucy" bai taɓa zama sunan shiri kawai ba. Tana zaune a sama kusa da Shugaba Reagan, ta rufe fuskarta da hannu. Ita ma ta bi shi a watan Afrilu na 1989.